Inda Za a Sa Tsohuwa

4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Sifana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu, da duk mutanen garejinku. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Innarki gwiwarta ta yi sauƙi. Kakarki tana cin abincinta, tana faɗanta, ta ce in gaya miki har yau ba ta yafe miki barin keken ɗinki kika kama ƙarfe ba, amma ki aiko mata da man zafi irin na bara. Ni kuma kunne ne dai, kamar yadda kika sani. Shekara talatin da ɗaya a gindin jirage ba wasa ba ce. In an kira ni a waya sai in ji kamar ana magana daga cikin rijiya. Shi ya sa na koma takarda. Direban bas ɗin nan mai furfura shi zai riƙa kawo miki.

To ga maganar. Ritayata ta tabbata. An ba ni zuwa ƙarshen Mayu in bar gidan ma'aikata. Za mu koma gidan da na gina kusa da dangin Innarki, tafiyar awa bakwai in hanya ta yi kyau. Kaya babbar mota za ta kwasa, wannan an gama. Abin da ya rage mu ne masu numfashi: ni, Innarki, Kakarki, sai karnuka huɗu.

Na san za ki ce karnukan me. Su ne waɗanda muka yi aikin shinshina kayan fasinja da su a filin jirgi. Sun tsufa, an kawo sababbi, ofis kuwa ba ya ciyar da wanda ba ya aiki. Na rubuta na roƙa, aka bar mini su. Direban babbar motar ya ce ko me zan ba shi ba zai ɗauki kare ba, masu bas kuwa ban ma ɓata bakina ba. Ko bayan mun koma, likitan dabbobi mafi kusa sai an yi tafiyar awa guda. Saboda haka mota zan saya, ta farko a rayuwata, ni da na tsufa ina tuƙa ta gwamnati.

Abin da na ware daga kuɗin sallama na rubuta miki a bayan takardar nan. Kada ki yi dariya. Ba zan iya ɗora komai a kai ba, don rufin ɗakin baya bai ƙarasu ba. Ba mai ƙyalli nake nema ba. Ina son wadda ba ta zuƙar mai, wadda kowane bakanike na gefen hanya zai gane cikinta.

Babbar damuwata Tsohuwa ce. Ƙugunta ya riƙe, ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau abu mai tudu, ni kuma bayana ba zai ɗauke ta ba. Kujera ba za ta yi mata ba. Ina so bayan motar ya zama mai faɗi, kusa da ƙasa, in shimfiɗa mata buhu biyu ta kwanta can tare da su, in rufe. Innarki ta ce ba za ta zauna kusa da ita ba saboda wari da yawu, ban kuwa ga laifinta ba. In hakan bai yiwu ba, sai in bar ta a nan hannun mutanen ofis, abin da ba na so.

Ke ce mai idon mota a zuriyar nan. Ki duba mini a wajenku, an ce sun fi araha.

Kawunki

13 ga Maris

Kawu,

Na amsa sallama. Muna lafiya, 'yan biyu sun yi mura sun warke. Man zafin Kaka yana cikin ledar nan, kwalba biyu.

Maganar mota a taƙaice. Ƙaramar mota ba ta ɗaukar mutum uku da kare huɗu, sai dai a jera su kamar buhuna. A-kori-kura tana da fili, amma bayanta a buɗe yake, rana da ruwa duk a kansu, kuma kujerun gaba ba za su ishe ku ba. Jif tana da wuri, sai dai tudu da shan mai, kuma wadda kuɗinka zai saya ta riga ta ga duniya. Na rubuta shafi guda a kan wannan, na yage, don ba shi ne a raina ba.

Kawu, ƙarshen takardarka na karanta shi sau huɗu. Na ba maigidana ya karanta, ko idona ne. Shi ma abin da na gani ya gani.

Tun ina ƙarama ban taɓa jin ka kira Kaka da wani suna ba sai tsohuwa, kuma da daɗi kake faɗa. Yau ita ce za a shimfiɗa wa buhu a but tare da karnuka, a rufe? Matar da ta goye ka, ta goyi mahaifiyata, ta goye ni bayan mahaifiyata ta rasu? In ƙugunta ya riƙe, ai kujerar gaba ake kwantar mata da ita, a sa matashi. Wannan ko ɗan koyo a garejinmu ya sani.

Inna kuma ban taɓa zaton haka daga bakinta ba. Wari da yawu. Tsufa ne, duk wanda ya yi tsawon rai zai je wurin. Sannan a bar ta hannun mutanen ofis, su wa nata a cikinsu?

Ka yi haƙuri, ni 'ya ce, ban isa in yi maka faɗa ba. Amma in wuri ne ya yi ƙaranci, kare ake bari, ba uwa ba. In kuma ta yi muku nauyi, ku turo mini ita. Zan mayar da 'yan biyu falo in gyara mata ɗakinsu. Maigidana ya yarda tun kafin in rufe baki.

Ba zan nemi motar ba sai na ji daga gare ka.

Sifana

5 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya, musamman Kaka.

Sati uku ke nan. Duk Litinin ina zuwa tasha, direban yana ganina sai ya buɗe mini tafin hannu. Ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka karɓa ka yi godiya, lafiyarka ƙalau. Na kira wayar Inna ya fi sau goma, a kashe take.

In fushi ka yi, ka yi shi a takarda, zan karanta a tsaye. Shirun ne ba na iyawa. Jiya na ɗaura wa wani tayar gaba na manta ban matse noti biyu ba, maigidan garejinmu ne ya gani. Ban taɓa yin haka ba.

Ko layi ɗaya ne, ka ce mini tana ina kuma yaya take.

'Yarka

14 ga Afrilu

'Yata,

Ni ce Innarki, matar kawunki. Kin san rubutuna kamar kaza ta bi ta kan takarda, ki yi haƙuri ki karanta a hankali. Muna lafiya duka. Wayata Gajere ne ya tauna ta, ɗaya daga cikin karnukan, tun watan jiya, shi ya sa ba kya samuna. Ki gaishe da maigidanki da jikokina.

Yarinya, Tsohuwa karya ce. Karya mai ƙafa huɗu da wutsiya. Ita ce babbarsu, shekararta goma sha uku. Ni na raɗa mata sunan, saboda yadda take nishi kafin ta kwanta. Rabonki da gidan nan shekara shida, a lokacin kuwa da sunan ofis ake kiranta, to ina za ki sani. Kawunki kuwa tuni ya daina kiran kakarki tsohuwa, don sau biyu yana kira su duka suna waiwayowa. Yanzu Mama yake ce mata. Kakarki lafiyarta lau, ƙugunta ya fi nawa. Kujerar gaba kuwa ta riga ta ce tata ce tun ba a ga motar ba.

Ranar da takardarki ta zo, a bakin ƙofa ya karanta. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba, ya tafi ya wanke ɗakin karnuka, alhali da safe ya wanke. Bai nuna mini ita ba. Sai da na zo wanki na tsince ta. Na karanta, ban san dariya zan yi ba ko kuka, ni da aka ce na ƙi zama kusa da surukata saboda yawu. Na kai wa kakarki na karanta mata. Ta yi dariya har sai da na ɗebo mata ruwa. Da ta huta ta ce yarinyar nan dai tata ce. Yanzu ko gishiri ne ya yi yawa a miya sai ta ce, to ku sa ni a but mana ku huta.

Shi dai bai yi dariya ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne, “Ashe a idon 'yar ƙanwata ni mutum ne da zai iya wannan.” Ki tuna lokacin da kowa ya ce mace ba ta zama bakanike, shi ya kai ki makarantar, shi ya sayo miki akwatin sifanu na farko, har sunan ya bi ki. Ba gori nake miki ba. Ina gaya miki inda ciwon yake ne. Takardarki ta biyu ya karanta, ya ɗauki biro, ya ajiye.

Maganar mutanen ofis kuma, allura ce suke yi wa karen da ya gama aiki, wadda ba a tashi. Shi ya ɗauka kin sani.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto ba da saninsa ba. Wani abokin aikinsa yana son ya sayar masa da jif, baƙa, mai tsawo kamar rumbu. Ni sai an turo ni nake shiga. Kawunki ya ce zai riƙa ɗaga Tsohuwa da hannu, shi da likita ya hana shi ɗaukar bokitin ruwa. Ya ce ƙarshen wata zai biya. Ba son motar yake ba, kunyar sake tambayarki yake ji, ke kuma kin san taurin kan gidanku.

Igiyoyi huɗun da ke cikin ambulan ɗin nan shi ya auna karnukan da su tun kafin a ɓata, ya jefa a durowa. Tsawon igiya tsawon kare ne a kwance, ƙullin tsakiya kuma tsayinsa a zaune. Mafi tsawo ta Tsohuwa ce.

Nawa roƙon ɗaya ne. A sa wani abu tsakanina da su. Da kayan jikina nake salla, ba na son a yi ta lasar mini mayafi awa bakwai. Shekara talatin ina faɗa a kan karnukan kawunki, ba yau zan daina ba. Amma kada ki ce na ce, ni nake jiƙa wa Tsohuwa abincinta da ruwan ɗumi, don haƙoranta sun ƙare. Ba zan bar garin nan in bar ta ba.

Innarki

23 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Ina fatan bayanka da sauƙi. Mu lafiya.

Inna ta rubuto mini, kada ka yi mata faɗa. A tasha na buɗe takardar, na zauna a kan benci na rufe fuska, har direban ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, ni ce na yi wauta. Ba karatun da na yi ba daidai ba ne laifina, kowa yana iya tuntuɓe a kan kalma. Laifina shi ne da na ga abin da bai yi kama da kai ba, sai na yarda da takarda na bar mutumin da na sani. Tambaya ɗaya ta isa, ban yi ba, na hau faɗa. Ka yafe mini, Kawu.

Tun ranar nake yawo da igiyoyinka a jaka. Na shiga wurin masu sayar da motoci bakwai. Ina zuwa sai in ce a buɗe mini baya, in hau in shimfiɗa igiyoyi. Wani dillali ya tambaye ni ko maganin tsari nake yi wa motar. Da na ce kare nake aunawa, sai ya ce a buɗe wa Hajiya wata, wataƙila jakuna ma tana da su.

A ƙarshe ba a wurinsu na samu ba. Wani mai gidan burodi da muke yi wa gyara zai sayi babba, yana son rabuwa da tsohuwar wagon ɗinsa, irin mai dogon baya ɗin nan. Shekara biyar ni nake duba ta, na san ta ciki da waje. Kujerun mutum biyar. Ƙofar baya sama take ɗagawa, bakin but ɗin bai kai gwiwata ba. Na shimfiɗa igiya huɗu sun kwanta, ta Tsohuwa a tsaye ta gefen dama, sauran uku a gicciye, har da ragowar wurin kwanon ruwa. Tsayi ma ya isa, babu wanda zai buga kai.

Ga aibinta, don kada ka ce na ɓoye. Fenti ya koɗe, kuma har yanzu ana ganin inuwar hoton burodi a ƙofar hagu. Na'urar sanyi ta mutu tun tuni, rediyo ma haka, kai dai wannan ba zai dame ka ba. Shokozoba na baya sun gaji, birki yana son sabon takalmi. Ƙamshin burodi kuwa ya kama ta, na wanke gwaji bai fita ba. Amma inji lafiyayye ne, ba ya cin baƙin mai, ba ya zafi, man da take sha kuwa rabin na jif ne. Kayan gyaranta ko a ƙauye akwai.

Kuɗinka ya isa, har da ragowar da za ta sayi taya huɗu masu kyau. Aikin hannu nawa ne. In ka amince zan yi waldar raga ta ƙarfe daga bayan kujera har rufi, saboda Inna. Zan shimfiɗa roba mai kauri da za a iya cirewa a wanke. Zan kuma yi wa Tsohuwa gadar katako mai faɗi, in manna mata kafet don kada ta zame, ta riƙa hawa da ƙafarta.

Jif ɗin nan kuma, ko ka ƙi tawa, ka yi mini abu ɗaya. Ka je da sassafe kafin a tayar da ita, ka shimfiɗa jarida a ƙarƙashin inji, ka sa a kunna, ka tsaya a baya ka ga kalar hayaƙin.

Mai burodi ya ce zai jira ni kwana goma. Ban ba shi komai ba sai ka ce.

A gaida Kaka. A ce mata kujerar gaban tana kwanciya.

'Yarka Sifana

1 ga Mayu

Sifana,

Gaisuwa. Muna lafiya. Takardarki ta iso.

Na je da jarida. Ban ma kai ga kallon hayaƙi ba, jaridar ta jiƙe. Na gode wa mutumin, mun rabu lafiya.

Ki saya. Kuɗin yana hannun direba, a cikin gwangwanin madara da aka naɗe da tsumma. Tagogin baya su riƙa buɗuwa kaɗan, yadda hanci zai fita amma kai ba zai fita ba. Ramukan ragar kada su wuce yatsa biyu, Gajere yana da dabara. Hoton burodin a bar shi.

Ɗaya maganar ba yanzu ba.

Kawunki

12 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Sifana,

Sallama daga sabon gida. Ina fatan kuna lafiya ke da maigidanki da 'yan biyu. Mu mun iso lafiya, mu bakwai, ba wanda aka bari. Kakarki ta zaɓi ɗakin da na gina wa kaina, na koma na baya mai rabin silin. Innarki kullum gidan cike da 'yan'uwanta, ta yi ƙiba a sati biyu. Na yi jinkirin rubutu ne don sai da na nemo wanda zai kai takarda tasha.

Motar ta iso saura kwana biyar wa'adi ya cika. Abokin aikinki da ya kawo ta ya ba ni makulli, ya ce kin ce in zagaya ta sau uku kafin in yi magana. Na zagaya. Waldar nan taki ko a ofis ban ga irinta ba. Na buɗe baya, biyu daga cikin karnukan, Kunne da Baƙi, suka yi tsalle suka shige kamar motar ubansu. Gajere ya bi su, ya sa hanci a lungu yana neman burodin da ba ya nan, har yau bai fid da rai ba.

Tsohuwa ce ta ƙi. Na kafa mata gadar, ta zo ta shinshina, ta ɗora ƙafa ɗaya, ta janye, ta koma inuwa ta kwanta. Na sa nama a sama, ta dube shi ta dube ni. Na hau gadar da kaina da rarrafe don ta gani, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Kwana huɗu muna haka. A rana ta huɗu na sunkuya zan ɗauke ta, bayana ya amsa, Innarki ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun muna amarya da ango.

Ranar tafiya babbar mota ta wuce da kaya tun da safe. Kakarki ta shiga gaba ta ɗaura bel, sauran karnuka ukun suna baya. Mutumin ofis ya zo karɓar makullin gida. Ya dubi karyar a kwance, ya ce in ta gagara in bar ta, shi ya san abin da za a yi. Ba da mugunta ya faɗa ba. Ni dai na tsaya da igiya a hannu.

Sai Innarki ta ce a sauko da ukun a ɗaure su a gindin bishiya. Ta ciro tsohon akwatinta na tafiya daga kujerar baya, ta tura shi can ƙuryar but. Ashe ta cusa tsumman da muke horar da su da shi a ciki. Ta zaro hular aikina daga jakarta, wadda na ce a jefar, ta miƙo mini.

Ta ce, “Kai lallashinta kake yi kamar mara lafiya. Ita kuwa ma'aikaciya ce. Ka ba ta aiki.”

Na sa hular. Na tsaya yadda nake tsayawa a gaban kayan fasinja, na nuna akwatin, na ce, “Nemo.”

Sifana, kunnuwanta ne suka fara tashi. Ta miƙe da nishinta, ta zo ta hau katakon nan a hankali, ƙafafun baya suna rawa, ba ta ko dubi ƙasa ba. Ta zagaya akwatin, ta shinshina zif ɗin, ta zauna ta ɗago kai tana kallona, yadda ta yi shekara tara tana yi in ta samu abu. Na shafa kanta na ce aikinki ya yi kyau. Mutumin ofis ya juya yana duba makullai. Ni ma na ɗan daɗe ina gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara.

Hanya lafiya lau. Duk awa biyu muna tsayawa su sha ruwa su miƙe ƙafa, kuma duk tsayawa sai na sa hula. Gajere ya yi amai sau ɗaya, robarki ta yi aikinta. Ba harshen da ya kai ga mayafin Innarki. Kakarki ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, amma ita ta koya mini tuƙi tun daga ƙofar gida har nan. Motar ko tari ba ta yi ba. A wani shingen 'yan sanda, ɗaya daga cikinsu ya ga hoton ƙofa ya ce a ba su na shayi, ya leƙa ta baya, kai huɗu suka taso. Ya ce mu wuce, Allah ya kiyaye hanya.

Yanzu ɗaya maganar. Na ji ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na zo nan na zauna na sake karanta takardar da sanyin rai, sai na ga wani abin da fushi ya rufe mini. Akwai wadda za ta tsaya wa mahaifiyata ko da a kaina ne, ta fitar da 'ya'yanta falo ba tare da ta yi shawara da aljihunta ba. Mutum mai shekaruna ba ya raina wannan. Ni ma da laifina, na rubuta kamar kina cikin gidan. Ya wuce. Na yafe, ke ma ki yafe shirun.

In an yi hutun makaranta ku zo. Akwai fili, 'yan biyu za su yi gudu har su gaji.

Sai dai ki zo da shirin duba kulocin motar. Innarki ta ce ba za ta zauna a garin danginta tana jiran in ga dama in kai ta unguwa ba. Kullum da yamma muna zuwa filin ƙwallon da ke bayan gida, ta karɓi makulli. Satin farko motar ta yi ta tsalle tana mutuwa. Jiya kuwa ta zagaya filin sau shida ba ta mutu ba, Kakarki a gefenta tana ba da umarni, ni da karnuka huɗu muna zaune a bakin fili, kawunanmu suna bin su duk inda suka juya. Da ta gama ta zo ta tsaya a gabanmu daidai, ta sauke gilashi, ta ce gobe za su gaida yayarta, in muna so a rage mana hanya mu shirya da wuri.

Mun ce muna so.

Kawunki